Ɗakin Jego a Kan Tsohon Tankin Mai

Da sunan Allah nake farawa. Shi ya bayar, Shi ya karɓa, ba ni da ja a kan wannan. Da mutane nake da ja, kuma sun san kansu. An ce mini in yi haƙuri har kunnena ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta jinyar ƙanwata Saratu tun daga tushe, don in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sunana Balkisu, a Damri nake aure, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mu biyu mahaifiyarmu ta bari, ni da Saratu, kuma tun rasuwarta ni ce yaya ni ce uwa. Saratu tana aure a Talata Mafara, mijinta Sanusi tela ne. Haihuwarta ta fari a ɗakina ta yi wanka, ta koma da ɗanta ɓul-ɓul. Wannan ta biyu ce, al'ada ba ta ba ni ikon ɗauko ta ba, sai na ƙulle kayana na tafi can zaman jego. Tsakiyar damina ce, mace ta haifa.

Sabon gida na tarar da su, a bakin gari kusa da titi. Ɗaki ɗaya ne babba, da zaure, da rumfa, da rijiya a tsakar gida. Baffan Sanusi, Alhaji Mamman, shi ya ba shi filin kyauta, kuma duk wanda ya zo barka sai an maimaita masa wannan kyautar. Da bazara suka tare, lokacin da kowa a waje yake kwana saboda zafi, don haka ba wanda ya taɓa daɗewa a cikin ɗakin sai da haihuwa ta zo.

Tun ranar farko da na shimfiɗa tabarmata na ji warin. In kana tsaye ba ka jin komai sai turare. In ka sa kai ƙasa, musamman ta kusurwar da daɓen siminti ya tsage, sai ka ji shi, wari mai hawa kai irin na tashar mota. Na gaya wa uwar Sanusi, Hajiya Kulu, wadda take zuwa kullum daga tsohon gidansu ta wuni a rumfa tana ba da umarni.

"Ke Balki, warin henti na," in ji ta. "Sabon ɗaki na. Ku can Damri kun saba da jar ƙasa, shi as sa."

Ta sa aka ƙara turaren wuta. Na haɗiye maganar, na ce baƙuwa ce ni, kada in fara da rigima.

Kowa ya san yadda ake jego a wurinmu. Sanyi shi ne abokin gabar mai jego, haka muka taso muka ji. Hajiya Kulu kuwa ta ɗauki abin da zafi fiye da kowa. Ta sa aka rufe tagogin nan biyu, aka cusa tsumma a kowace kafa, aka saki labule mai kauri a ƙofa. Ta sa aka sauko da katifa daga gado zuwa ƙasa, wai don ɗumin kaskon garwashi ya riƙa kai wa ga mai jego da jaririya. Safe da yamma ina tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, in yi wa Saratu wanka, in ba ta kunun kanwa, ta koma ciki a saki labule.

Kafin suna Saratu ta fara kukan ciwon kai. Tana tashi zaune sai jiri ya kwashe ta, idanunta suna yaji, ga tashin zuciya. Ni ma nakan farka da kai kamar an ɗora mini turmi, amma da na fita hura wuta na sha iska sai ya sake ni. Na ɗauka gajiya ce. Aka yi suna, aka sa wa yarinya Fatima, muna kiranta Nana. Mata suka cika ɗakin suna guɗa, wata ta ce, "Kai, turaren ɗakin ga shina da ƙarhi," aka yi dariya.

A sati na biyu Saratu ta daina cin abinci. Nana, wadda ta zo duniya da kuka mai tada maƙwabta, ta koma barci kawai, sai an tsunkule ta take kama nono, ta ɗan tsotsa ta saki. Sanusi ya je kemis ya kwatanta, aka ba shi maganin zazzaɓin sauro. Bai yi ba, ya koma aka ba shi na taifod. Mai kemis bai taɓa ganin fuskar mara lafiyar ba, amma bai taɓa rasa abin sayarwa ba.

Daga nan masu shawara suka yi layi. Wata gwaggon Sanusi ta zo daga Maradun da ƙullin saiwoyi, ta kalli Saratu sau ɗaya ta yanke hukunci.

"Wanga ba ciwon asibiti ba na. Iska na. Sabon gida bakin gari, ba a san wa anka ishe wurin ba."

Maganinta hayaƙi ne. A zuba garin a garwashi, a lulluɓe mai jego da zane, a rufe ƙofa ruf kada hayaƙin ya fita. Saratu tana tari tana kiran sunana, su suna waje suna cewa ga shi nan, abin ya fara jin jiki. Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya, wani dattijon malami daga Tsibiri da aka aika wa neman rubutu. Ya ba da rubutun, ya yi addu'a, ya kuma aiko da saƙo cewa a kai ta asibiti, addu'a ba ta hana neman magani. Allah ya saka masa da alheri. Ba don saƙonsa ba da Hajiya ba ta bari mun fita ba.

Sati na uku muka je asibiti. Mun isa da sanyin safiya, muka tarar da layi har bakin ƙofa. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin awon jini daban, kowace taga da mai fuskar shanu a bayanta. Saratu tana zaune a ƙasa ta jingina da ƙafata, Nana a bayana. Sai bayan azahar muka shiga. Likitan bai ɗaga kai sosai ba, ya rubuta awo. Awo ya nuna ɗan zazzaɓin sauro, abin da da damina ko ni aka auna za a samu. Aka ba ta gado, aka sa mata ƙarin ruwa. Komai saye ake yi, har audugar da za a goge hannu. A nan akuyata da nake kiwo don Sallah ta tafi, buhun gyaɗar jarina ya bi ta.

Amma ga abin da ya faru. Ɗakin asibitin tagoginsa a fashe suke, iska tana shiga ta ko'ina, har ina gunaguni. Kwana biyu kacal Saratu ta tashi zaune ta ce tuwo take so. Nana ta buɗe ido, ta yi kukan da na manta tana da shi, ta sha nono har ta yi gyatsa. Ni ma kaina ya washe. Muka yi murna, aka sallame mu, muka koma gida, Hajiya ta sa aka hura garwashi aka saki labule.

Washegari ciwon ya dawo kamar dama a bakin ƙofa yake jiranmu.

A nan na fara haɗa abu da abu. Ruwa ba ya tsami banza. Mu uku ne muke kwana a ɗakin, mu uku ne ba lafiya. Ɗanta na fari yana tsohon gida wurin Hajiya, ba abin da ya same shi. Sanusi a zaure yake kwana, lafiyarsa lau. Hajiya a rumfa take wuni, ko atishawa ba ta yi. Na same ta na durƙusa, na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce, "Hajiya, ɗakin ga na ba ya son su. A bari in tahi da ita Damri, ko a maishe ta zaure."

Ta ajiye carbinta. "Zaure? Mai jego? Inda maza ka wucewa? Ke kin taɓa jin an hidda mai jego kahin arba'in? Mi mutane za su ce, mun kasa riƙon ɗiyar mutane?"

"Su ce abin da sunka ga dama, Hajiya. Can asibiti ta samu sauƙi."

"Asibiti kwantar da abin sunka yi, ba su hidda shi ba. Ni na haihi takwas, duk cikin ɗaki rufe na yi wankansu. Ke nawa kinka haihwa da za ki koya mani?"

Ta san ban taɓa haihuwa ba. Da gangan ta faɗa, kuma ta same ni inda take so. Na juya wurin Sanusi, yana tsaye yana murza hularsa. "Yaya, ki yi hanƙuri," in ji shi. "Hajiya ta hi mu sani." Namiji har namiji, da gemunsa, matarsa tana narkewa a gabansa, abin da ya iya ke nan. Tun daga ranar, da Hajiya ta tafi gida da yamma nake zare tsumman taga, da safe ta zo ta mayar tana zagina. Haka muka riƙa yi kamar masu wasan yara, da ran mutane a tsakani.

A sati na huɗu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana da wuni. Da ya ɗauke, warin ya tashi har kana tsaye kana jin sa, turare ya kasa. Na ja ruwa a rijiya na ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman guga. Kafin hantsi Nana ta saki jiki, numfashinta sama-sama, leɓenta ya canja launi. Ban tambayi kowa ba. Na saɓe ta, na ja hannun Saratu, na tare mai babur. Sanusi ya biyo mu a guje da takalmi ɗaya.

Wannan karon wata likita muka samu, mace, ba 'yar garin ba ce. Ta ga yarinyar ta tsallake da mu layi, ta sa aka kawo iskar numfashi. Tana warware zanen goyon sai ta tsaya, ta kai shi hanci.

"Wa yake sayar da fetur a gidanku?"

Na ce ba kowa. Ta tambaya ko ana ajiye babur ko janareta a ɗakin, na ce a'a. Ta tambaya ko suna samun sauƙi in sun bar ɗakin, na ce tun yaushe nake faɗa. Sai ta juya ga Sanusi. "Malam, kafin ka gina gidan, me ke wurin?"

Sai da ta sake tambaya.

"Gidan man Baffa na," in ji shi da ƙaramar murya. "An daɗe da tashi."

"An tono tankin?"

Ya girgiza kai. Ni kuwa ranar na fara jin wannan magana. Duk garin sun sani. Alhaji Mamman ya yi shekaru yana sayar da mai a wurin, tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ya huje, mai yana ɓacewa, abin da ya karya shi ke nan. Ya cire famfunan ya sayar, ya bar tankin a binne, ya zuba jar ƙasa ya baje, ya yanka filaye. Wanda ya faɗo daidai kan tankin ba wanda ya so saye, shi ne ya zama kyautar zumunci.

Likitar ta yi mana bayani da Hausa mai sauƙi, ban manta ba. Ta ce man da ya tsiyaye a ƙasa ba ya mutuwa don an rufe shi. Yana nan yana fitar da tururi, tururin yana neman hanyar sama, ya bi ta tsagar siminti da gindin bango ya taru a ɗaki, ya fi yawa kusa da ƙasa. Ta ce in ruwan sama ya cika ƙasa sai ya turo shi sama, in ɗaki ya yi zafi kuma sai ya riƙa zuƙo shi. Garwashi a rufaffen ɗaki ma da tasa gubar, ga hayaƙi a kai. Wato duk abin da aka yi da sunan kula da mai jego, shi ne ya tara musu cutar wuri ɗaya, aka kuma sauko da katifa aka kwantar da su a cikinta.

"Muna ba ta magani," in ji ta, "kuna mayar da ita cikin cutar."

Ta tsaya a kan Nana iya ƙoƙarinta, ita da wata nas mai suna irin nawa da ta ƙi tafiya gida bayan lokacinta ya cika. Ina gode musu har gobe. Washegari da la'asar Nana ta cika a hannun uwarta. Na tambayi likitar ko ɗakin ne ya kashe ta. Ta ce ba za ta rantse shi kaɗai ba ne, jariri abu kaɗan ke kada shi, amma huhun da bai yi wata ɗaya a duniya ba bai kamata ya shaƙi abin da ya shaƙa ba.

Ita ce ta sa aka turo duba-gari. Ana zaman makoki suka zo, shi da wani da ya taho daga babban birnin jiha da ɗan akwati. Abu na farko da duba-garin ya yi, ya ga kaskon garwashi a bakin ƙofa ya daka tsawa a fitar da shi, ya ce Allah ne ya tsare ɗakin bai kama da wuta ba. Ya fito da wata na'ura kamar rediyon hannu. A tsakar gida shiru take. Da ya kai ta tsagar nan ta kusurwa, inda kan katifar yake, sai ta kama ƙara ba tsayawa. Suka huda daɓen wuri-wuri suna aunawa, suka ɗebi ruwan rijiya a kwalba, suka soka rodi a bayan bango har ya daki ƙarfe. Mazan da ke zaune a tabarma duk sun ji ƙarar.

Suka ce kada kowa ya ƙara kwana a ɗakin, kada a sha rijiyar. Gyara na gaskiya shi ne a tono tankin a kwashe ƙasar da ta sha mai. In ba hali, a fasa daɓen, a shimfiɗa leda mai kauri, a sa bututu daga ƙarƙashi ya fita har saman rufi don tururin ya bi can, a sake zuba siminti a toshe kowace kafa, a buɗe tagogi gaba da baya. Bayan haka ma sai sun dawo sun sake aunawa kafin mutum ya shiga.

Alhaji Mamman yana wurin, da babbar rigarsa, ana ta yi masa sannu kamar shi aka yi wa rashi. Na fito daga cikin gida na tsaya a bakin zaure, na ja mayafina.

"Baba Alhaji, ina wuni. Kun ji abin da sunka ce?"

"Na ji. Kwana ya ƙare, ɗiyata. Kowa da ranarshi."

"Gaskiya na. Amma kun san tankin ya huje sa'ad da kunka ba da hilin?"

Wani ya ce in shiga ciki, nan ba wurin mata ba ne.

"Kyauta na ba shi," in ji Alhaji. "Ko sisi ban amsa ba. Yanzu alheri ya zama laihi?"

"Da kun sayar wa baƙo, da ya tambaya mi ag ƙasa. Ɗanku na, shi as sa bai tambaya ba."

Aka ja ni ciki ana salati. Hajiya Kulu tana kuka, kukan gaske, ba zan yi mata ƙarya ba, jikarta ce. Amma ko a cikin kukan cewa take a bar kaza cikin gashinta, kada a tozarta Alhaji a gari. Har yau ba ta ce mini ta yi kuskure ba, ni ma ban ce mata na yafe ba.

Ranar addu'ar uku na ɗauke Saratu zuwa Damri, ban nemi izinin kowa ba, ba wanda kuma ya buɗe baki. A rumfata ta ƙarasa arba'in, iska tana kaɗa ta ta ko'ina, sanyin da ake tsoro bai yi mata komai ba. Ciwon kai ya tafi, jiri ya tafi, ta fara cin abinci. Nono ne ya ƙi tsayawa da wuri. Takan tashi da safe rigarta a jiƙe, ta zauna tana kallon rigar. Wannan ba ni da maganinsa. Sanusi ya kama haya a cikin gari, ya zo biko da kunya, ta koma bayan kaka don ɗanta na fari.

Shawarata ga duk mai ginawa ko mai kama haya: ka tambayi abin da ke wurin kafin ginin, ko da ubanka ne ya ba ka. Tsohon gidan mai, garejin makanikai, wurin 'yan bumburutu, shagon maganin feshi, duk ƙasa tana riƙe da abinsu. In mutum yana warkewa a waje yana kwantawa a ɗaki, ku tuhumi ɗakin. Kuma ku bar wa mai jego taga.

Na so in tsaya a nan, amma akwai saura. Wata Talata na kai man gyaɗa kasuwar Talata Mafara, sai wata maƙwabciyarsu ta da ta ja ni gefe ta ce Alhaji ya karɓi gidan. Ba a tono komai ba, ba bututu, ba wanda ya dawo aunawa. An shafe tsagar da siminti, an sake fenti, an ba wani malamin makaranta haya, baƙo ne, da matarsa.

Na bar jarkokina wurin maƙwabciyar rumfa na tafi. Na yi sallama, wata yarinya ta fito, da tsohon ciki, tana murmushi. Ɗakin sai ƙamshin turare, labule sabo. Muka gaisa, ta kawo ruwa, na ce na gode ba zan sha ba. Na ce ta yi mini alfarma ɗaya, ta durƙusa a waccan kusurwar ta kai hancinta ƙasa. Ta dube ni kamar mahaukaciya, amma ta yi, da ƙyar saboda cikin.

Ta ɗago a hankali, hannunta a kan cikinta, murmushin ya tafi.

"Yaya," ta ce, "wa ya zauna ɗakin nan kafin mu?"

Na ce, "Sunanta Nana. Ɗauko mayafinki, mu yi maganar a waje."